Shawara: "Kullum cikin share yana nake, amma uwar mijina ta ce ni ƙazama ce"

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, ina da yaro ɗan shekara ɗaya da rabi, kuma ina ɗauke da juna biyu. Bara da kaka muka tare a sabon gidanmu a bayan garin Zariya, inda gonaki suka kewaye mu. Saboda ɓarayi, maigida ya sa fitilun sola farare masu haske sosai a baranda, da saman ƙofa, da kowace kusurwa. Tun da ruwa ya sauka bana ban huta ba. Da magariba ƙwari sai su rufe bangon, da safe in tarar da gawarwakinsu zube, ga yanar gizo-gizo a bakin kwano da tagogi, ga gidajen zanzaro. In na share yau, jibi ta dawo. Da Hajiya mahaifiyarsa ta zo da ƙannensa mata, ta ɗaga kai ta ce gidan da yana ta yi wa yawa ba ya albarka, kuma ba a ganin haka a gidan mace mai tsafta. Na sha kuka ranar. Yanzu maigida ya sayo Sniper, ya ce zai haɗa da kananzir ya feshe gidan gaba ɗaya. Ga shi kuma yarona ya tashi da wani abu kamar ƙuna a wuya, maƙwabta sun ce fitsarin gizo ne. Don Allah ina mafita?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah Ya ba yaron lafiya, ke kuma Ya sauke ki lafiya.

Da kwalbar nan zan fara, domin a duk abin da kika lissafa ita kaɗai ce ke iya kashe mutum. Yau ɗin nan a ɗauke ta daga inda hannun yaro zai kai, kuma kada a ajiye ta a kicin ko kusa da abinci. Sniper maganin ƙwarin gona ne. Sinadarin da ke cikinsa, wanda ake rubutawa DDVP a jikin kwalbar, shi ne dai ake zubawa a yawancin fiya-fiyar da ake tallarta a ƙananan kwalabe. Yana shiga jikin mutum ta numfashi, ta fata, da ta baki. Saboda yawan rayukan da aka rasa ta dalilinsa, a shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni da manyan kantuna. Yaro ɗan shekara ɗaya da rabi duk abin da ya taɓa bakinsa yake kaiwa: zai dafa bango, ya tsinci mataccen ƙwaro, ya zauna a simintin baranda. Ke kuma mai ciki ce. Ƙara masa kananzir ƙara haɗari ne, ga tashin gobara, ga shi idan yaro ya kurɓa yana sauka cikin huhu.

Ki riƙe wannan ko da ba a gidanki za ki yi amfani da shi ba. Wanda gubar ta kama yakan riƙa zubar da yawu da hawaye, ya yi gumi, amai ko gudawa, baƙin idonsa ya tsuke, numfashi ya yi wuya. Idan aka ga haka, a cire masa kayan da maganin ya taɓa, a wanke jikin da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Wannan ɗurar da aka saba yi a unguwanni tana tura abin cikin huhu ne, tana kuma cinye lokacin da likita ke buƙata.

Bayan haɗarin, feshin ba zai biya buƙatar maigidan ba ma. Gizo-gizo yana zaune a kan zarensa ne, jikinsa bai cika gogar bangon da aka fesa ba. Maganin kuma mai saurin tashi a iska ne, rana ta buge shi, ruwan sama ya wanke saura ya kai shi tsakar gida inda kaji ke kiwo. Cikin 'yan kwanaki wasu ƙwarin sun taso daga gonaki, wasu gizo-gizon sun biyo su. Ƙananan gizo-gizo ma iska ce ke kawo su: sukan saki zare, iska ta ɗauke su ta sauke a wani wuri. Ba za a iya feshe gonakin Zariya duka ba.

Yanzu zancen da ya sa ki kuka. Abin da kike gani a bangon gidanki ba ƙazanta ba ce ta kawo shi. Da a ce kyankyasai ne a kicin, ko ƙudaje a kan kwanukan da suka kwana ba a wanke ba, da na gaya miki gaskiya komai ɗacinta. Amma gizo-gizo ba ya cin ragowar tuwo, ba ruwansa da datti. Ƙwaro mai rai yake ci, kuma inda ƙwari suka fi taruwa nan yake kafa tarkonsa. Abin da ke tara ƙwari a gidanki shi ne fitilun nan. Kina tsakiyar gonaki, wataƙila gidanku ne ya fi kowane haske a wannan yankin, ga damina, lokacin da kusan kowane ƙwaro ke hayayyafa. Ko mace goma aka haɗa suna shara safe da yamma, muddin fitilun na ci haka, yana za ta dawo. Tsohon gida a cikin birni, inda gini ya haɗe da gini kuma hasken bai kai wannan ba, ba zai ga rabin abin da kike gani ba. Ina jin da irin wannan gidan Hajiya take auna naki.

Dalilin da ya sa ƙwari ke manne wa fitila abu ne da aka daɗe ana bincike a kai. Idanun yawancin ƙwarin dare sun fi ganin haske mai shuɗi-shuɗi, da wani nau'in haske da ke gaba da shuɗi wanda idon mutum ba ya gani. Hasken da ya karkata zuwa rawaya ko ja bai cika ɗaukar hankalinsu ba. A farkon 2024 wasu masana, ciki har da na jami'ar Imperial da ke Landan, sun wallafa abin da suka gani bayan ɗaukar hoton ƙwari suna tashi kusa da fitila: ƙwaro yakan juya bayansa ga wurin da ya fi haske, domin a ɗabi'arsa sama ce ke da haske, da haka yake gane sama da ƙasa. Idan ya gitta kusa da fitila sai ya ɗauke ta a matsayin sama, ya yi ta kewaya ta ya kasa fita, har ya gaji ya faɗi ko ya afka cikin yana. Tsaka da kike gani a gefen fitila ita ma abin da ya kawo ta ke nan.

To gyaran daga fitila zai fara, kuma a nan ne nake so ki yi hattara da yadda za ki tunkari maigidanki. Kada ki ce masa a kashe fitilu. Mutumin da ya kai iyalinsa bayan gari a wannan zamani yana da hujjar tsoro, kuma kuɗi ya kashe don ku kwana da kwanciyar hankali. Idan ya ji kamar kina raina wannan ƙoƙarin, ba zai saurari sauran maganar ba. Abin da za ki nema shi ne a sauya irin hasken da kuma wurin da aka kafa shi. Ƙwayayen da ke baranda, saman ƙofa da kusa da tagogi a mayar da su masu hasken rawaya. A jikin kwalin ƙwan LED akan rubuta wata lamba: farin nan mai kashe ido shi ne 6500K ko kusa da haka, wanda kike nema shi ne 2700K ko 3000K. Ba zai kori ƙwari ɗungurungum ba, amma za ki ga bambanci. Manyan fitilun masu ƙarfi kuma a cire su daga jikin ɗakuna a mayar kan katanga ko kan wani ƙarfe a can gefen fili, suna hasko gidan daga nesa. Ƙwaro wurin ƙwan yake zuwa, ba wurin da hasken ya sauka ba, don haka taron zai koma can. Ta fuskar tsaro ma hakan ya fi, tunda katangar da ɓarawo zai haura ita ce za ta kasance a haske. Akwai kuma fitilun sola da ke zama a dushe, sai sun ji motsi su haska da ƙarfi. Irinsu sun dace da bayan gida da lungunan da ba a zama.

In kuɗi bai kai a yi duka ba, ko ya nuna shakka, ki roƙe shi a gwada da ƙwai biyu kawai na baranda. A share bangon tas, a bar shi mako guda, sannan ku fito tare bayan isha ku dubi bangon baranda, ku dubi bangon da aka bar wa farar fitila. Abin da ya gani da idonsa zai fi duk bayanin da za ki yi masa. Da daddare kuma ki riƙa sakin labule, domin hasken ɗaki da ke fita ta taga shi ke tara su a jikin raga.

Shara kuwa, ki daina ta kullum. Kina gajiyar da kanki ne a banza, ga ciki. Sau ɗaya a mako ya isa, in dai an yi ta yadda ya kamata. A ɗaura tsintsiyar kwakwa a kan doguwar gora, a fara daga bakin kwano a gangaro, ana murza tsintsiyar tana naɗe yanar. Idan aka buge ta kawai, mannewa take yi a bango ta bar baƙin tabo. A yi sharar a bushe tukuna, daga baya a bi da ruwan omo da burushi a inda kashin ƙwari ya ɓata fenti. Abin da yawancin mutane ke bari a baya shi ne jakar ƙwai: wani ɗan dunƙule fari ko ruwan ƙasa, kamar ƙullin auduga, da ke maƙale a kusurwar taga, bayan fitila, ƙarƙashin kujerun roba da bakin silin. Guda ɗaya na iya ɗaukar ƙwai fiye da 100. Idan aka share yana aka bar shi, an bar iri. A ciro su a murƙushe ko a ƙulle a leda a kai bola. Mai yin aikin ya sa takalmi, kuma kada ya cusa hannu tsirara a lungun da idonsa bai gani ba, domin damina lokacin kunama ce.

Wannan aikin na sama ba naki ba ne yanzu. Kada ki hau kujera, kada ki hau tsani, kada ki tsaya kina ɗaga gora ƙura na zubo miki a ido. Maigida ya yi, ko ƙaninsa, ko a biya wani babba ya riƙa zuwa duk mako. Idan kuma almajiri ne ke taya ku aiki, shara a ƙasa kawai za a ba shi. Ina jin takaicin yadda ake miƙa wa yaran nan kwalbar guba a ce su fesa, babu ko ƙyalle a hanci, don kawai ba 'ya'yan gidan ba ne.

Mafi yawan gizo-gizon da ke saƙa a bangon gida ba sa cutar da mutum, sauro da ƙananan ƙwari ma suke rage miki. Akwai dai wani nau'i mai ruwan ƙasa, da tabo mai launin lemo a ƙarƙashin cikinsa, wanda jakar ƙwansa ke da 'yan tsinaye kewaye da ita. Yana son ƙarƙashin kujera, bakin bokitin da aka kife, da cikin tsofaffin tayoyi. Cizonsa na da zafi, ko da yake ba ya cizo sai an matse shi. Saboda shi da kunama, ki riƙa juya kujerun waje kina dubawa, ki kakkaɓe takalmin yaro kafin ki sa masa.

Ƙunar da ke wuyan yaron a kai shi asibiti a duba, musamman da yake ƙarami ne. Amma abin da aka fi kira fitsarin gizo a damina, sau da yawa ba gizo-gizo ne ke jawo shi ba. Akwai wani siririn ƙwaro, tsawonsa bai fi santimita 1 ba, jikinsa baƙi da launin lemo a jere, wanda a Gabashin Afirka ake kira ƙudan Nairobi. Yana rayuwa a gonaki da wurare masu laima, kuma yana bin hasken fitila har cikin ɗaki. Ba ya cizo, ba ya harbi. Guba ce a cikin ruwan jikinsa, sai an murƙushe shi a kan fata, galibi cikin barci, take fita. Bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya yi ja, ya yi bororo, sau da yawa a miƙe kamar an ja layi. Hangara ma haka take yi. Idan irinsu ya sauka a jiki, a hure shi ko a ture shi da takarda, kada a mare shi. Idan an riga an murƙushe, a wanke wurin da ruwa da sabulu nan take, a wanke hannu kafin a taɓa ido. Kada a shafa toka, man goge baki ko kananzir, kada a fasa bororon. Yakan warke cikin mako ɗaya zuwa biyu, ya bar duhun da ke gogewa a hankali. In ya kusanci ido, ko ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, to ba a jira.

Zanzaro bai kai abin tsoro ba. Shi kaɗai yake gininsa, ba ya kare gida da faɗa, kuma abin da yake cusawa a cikin ɗakunan lakar nan gizo-gizo ne ko tsutsotsi da ya sumar don 'ya'yansa su ci. A kankare ginin da wuƙar fenti a goge wurin. Rina ita ce sai an yi hankali, don tana kai hari a taro. Namiji babba ya cire gidanta da asuba ko da dare lokacin da suke lafe, jikinsa a rufe, ke da yaro kuna ɗaki. Kada a kai mata wuta. Bakin kwano katako ne da silin, gidaje sun ƙone ta haka, ga kuma hanin da ya zo a hadisi game da azabtar da mai rai da wuta. Wanda aka harba ya fara kumburin fuska ko leɓe, ko numfashinsa ya sarƙe, asibiti kai tsaye. In zuma ce ta shiga silin, a nemo masu kiwon zuma su kwashe ta.

Akwai abu biyu da nake so ku mayar da hankali a kansu fiye da yana, domin su ne masu ɓarna ta gaske. Na farko gara. Shingen da ke fitowa bayan ruwan farko ya rufe fitila, ya zubar da fukafukai, su ne masu zuwa kafa sabon gidan gara. Sabon gini a tsohuwar gona yana cikin haɗarinta. Ku riƙa duba gindin bango, ƙofofin katako da katakon rufi: idan kun ga siririyar hanyar laka ta hau bango, wannan ne lokacin kiran masu feshi na gaskiya, waɗanda za su zo da magani mai lambar rajistar NAFDAC, su zuba a inda ya dace, ku kuma ku bar gidan har lokacin da suka ce a dawo. Kada a jingina itace ko ragowar katakon gini da bango. Daren da shinge ya fito, tsohuwar dabarar nan ta ajiye baho da ruwa a ƙarƙashin fitila tana aiki, da safe a ba kaji.

Na biyu sauro. Cikin zafi da laima irin na damina, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana 7 zuwa 10 ba, kuma ɗan ruwan da ya kwanta a gwangwani ko taya ya ishe shi. Duk mako a zaga gidan a kifar da abin da ya tara ruwa, a rufe duro da tanki, a buɗe kwata ta riƙa gudu, a cike ramukan da magina suka bari, a sa raga a bakin bututun sokawe, a sassabe ciyawar da ta matso bango. Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma mai ciki da ƙaramin yaro su ne ya fi kayarwa. Ku kwana cikin gidan sauro ku biyun, wanda zai tare muku ƙwaron mai ƙuna ma. Idan ma'aikatan lafiya masu bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda ake ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, suka ƙwanƙwasa, ki karɓa wa yaron, ke kuma kada ki yi wasa da awo.

Saura Hajiya. Maganarta ta yi miki ciwo, kuma faɗinta a gaban ƙannen miji bai kyautu ba, ba zan ɓoye miki ba. Duk da haka ban ba ki shawarar ki je kina yi mata bayanin fitila da ƙwari ba. Daga bakinki, komai gaskiyarsa, musu za ta ji. Daga bakin ɗanta kuwa labari ne. Shi ya kamata, wata rana suna hira, ya ce mata ai ya gano fitilun da ya sa ne ke tara ƙwarin, ya canza su, kuma kina ta fama da shara har ya hana ki saboda cikin. Wannan jimla ɗaya daga gare shi za ta wanke ki fiye da shara ta wata guda. Ki gaya masa a fili, cikin ladabi, cewa maganar ta taɓa ki kuma kina buƙatar ya tsaya miki a wannan. Maza da yawa ba sa lura da nauyin irin wannan furuci a wurin mace sai an faɗa musu. A nata ɓangaren, Hajiya na da gaskiya cewa ba a barin yana ta taru a gida, kuma ke ma ba ki bar ta ba. Idan kin san za ta zo, a yi sharar mako kwana ɗaya kafin nan. Idan ta sake magana, ki ce "To Hajiya, za a gyara in sha Allahu," ki kawo mata ruwa. Wasu kuma za su ce miki taɓa gizo-gizo zunubi ne saboda labarin kogon da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɓuya lokacin Hijira. Share yana daga bangon gida tsafta ce, babu wanda ya hana ta.

Ki sa ran abin zai fi tsanani a marka, wajen watan Agusta, ya fara sauƙi idan ruwa ya ɗauke a Oktoba. Da hunturu ƙwarin za su ragu sosai, sai dai ƙura za ta kama duk yanar da ta rage ta fito da ita fili, don haka a yi babban wanki guda a lokacin. Da rani ne kuma ya dace a toshe tsagogin bango, a gyara ragar tagogi, a liƙe ratar da ke tsakanin bango da silin. In bangon waje irin filastar nan ce mai kaushi, ku sani tana riƙe yana fiye da mai santsi, ko da baranda kaɗai aka goge aka shafa fenti mai sheƙi za ki samu sauƙin wanki.

Idan duk da haka maigida ya dage sai ya fesa abin da ya sayo, kada ki tsaya jayayya a ranar, kuma kada ki zauna a gidan. Ki nemi izininsa ki ɗauki yaron ku tafi gidanku ko gidan Hajiya, a rufe abinci da ruwan sha, a killace kaji, kuma kada ku dawo sai warin ya tafi an wanke baranda da duk inda yaro ke wasa da ruwa da omo. Kafin a kai ga haka, ki roƙe shi ya raka ki awo na gaba da kwalbar a hannu, ya nuna wa ma'aikaciyar jinya ko likita, ya tambaye su da bakinsa ko za a iya fesa ta a gidan da ke da mai ciki da yaro ƙarami.